Yaro ya ci bak, sai me? Mutanen da ya kamata ka sani tun kafin ranar

Shagona na fotokofi da buga takardu yana kusa da wata lise ta gwamnati, wato makarantar sakandare, a nan Garwa a arewacin Kamaru, shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a cikinsa. Duk watan Yuli, da zarar sakamakon bak, jarrabawar kammala sakandare, ya fito, sai ka ga iyaye suna shigowa da leda cike da takardu, yaro yana biye da su kamar wanda aka kamo da laifi. Maganar guda ce: "Malam, yaro dai ya ci, yanzu sai me?" Nakan ba su kujera, in ba su ruwa, amma a raina na san tambayar nan ta makara da shekara uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni ma na ci bak, ban shiga makarantar da nake so ba. Ba jarrabawa ce ta kayar da ni ba, harafi ɗaya ne. Sunana a takardar haihuwa daban yake da yadda aka rubuta shi a takardar BEPC, jarrabawar ƙarshen aji na huɗu na sakandare, kuma ba wanda ya lura sai ranar da na kai takarduna don shiga konkur, wato jarrabawar neman gurbi a manyan makarantu. Aka ce in je in gyara. Kafin in gama zirga-zirga tsakanin ofisoshi an rufe karɓa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, da kuɗi ne matsalar da ya biya. Abin da ba mu da shi shi ne mutumin da ya san hanya. To mutanen nan suna nan, yawancinsu ma ba sa karɓar ko sisi, mu ne ba mu san ƙofarsu ba.

Na farko yana cikin makarantar da ɗanka ke zuwa kullum. Ana kiransa konseye, mai ba ɗalibai shawara kan zaɓen fanni. Ma'aikacin gwamnati ne, an horar da shi a babbar makarantar horon malamai musamman don wannan aiki, kuma albashinsa ba daga aljihunka yake fita ba. Yara da yawa suna gama lise ba su taɓa shiga ofishinsa ba, wasu sun ɗauka wurin da ake kai masu laifi ne. Iyaye kuwa firobiza, wato shugaban makaranta, kawai suka sani, sai sansa mataimakinsa da sufeto mai kula da tarbiyya idan yaro ya yi faɗa.

Lokacin zuwa wurinsa shi ne ƙarshen aji na huɗu na sakandare, shekarar BEPC, kafin a tura yaro aji na biyar, sigon A ko sigon C. A nan ake yanke hukuncin da zai bi yaro har tsufa, kuma sau da yawa ana yanke shi ba da sanin kowa a gida ba. Wanda ya tafi A, ɓangaren adabi da harsuna da falsafa, ya yi sallama da likitanci da injiniyanci. Wanda ya tafi C, idan ya kai firamiya, aji na shida na sakandare, zai iya zama a C mai nauyin lissafi da fizik, ko ya koma D mai nauyin ilmin halittu, ko TI na kwamfuta inda makarantar ke da shi. Na sha ganin uba yana cewa 'yarsa likita za ta zama, in duba takardarta in ga bak A ce a hannunta. Ban san yadda zan fara gaya masa ba.

Idan za ka je, ka je da kanka, ka tafi da yaron da takardun sakamakonsa na shekara biyu. Kada ka ji kunyar rashin Faransanci. A Garwa da Marwa da Ngaundere da wuya ka rasa wanda zai yi maka tafinta da Fulatanci ko Hausa a harabar makaranta, in ma ba haka ba yaron ya fassara. Ka tambaye shi abu uku a fili: da wannan maki wane fanni yaron zai iya ɗauka ba tare da ya karye ba, wace ƙofa fannin ke buɗewa, wace kuma yake rufewa. Ka karɓi lambar wayarsa. Ka koma sau ɗaya a kowane zango, ko da gaisuwa ce kawai. Mutum ɗaya ne a kan ɗaruruwan yara, wanda ya ga fuskar ubansa shi zai tuna idan sanarwa ta zo.

Wani abu da nake so iyayenmu Hausawa su sani: a ɓangaren A akwai zaɓin Larabci a matsayin harshe na biyu a makarantun da ke da malaminsa, kamar yadda ake zaɓar Jamusanci ko Sifaniyanci. Yaron da ya taso a islamiyya yana da jari a nan wanda bai san yana da shi ba, kuma jami'ar Ngaundere tana da sashen Larabci. Amma a zaɓe shi don yaron yana so, kada a zaɓa don an ga da sauƙi.

Daga nan sai malaman darasi. A tsarinmu ana ba da maki a kan 20, ana neman matsakaicin 10 don a wuce, amma darussan ba nauyinsu ɗaya ba. Kowanne yana da abin da ake ninka makinsa da shi, kofisiyan. Darasin da ake ninkawa sau huɗu, maki ɗaya da yaro ya ƙara a cikinsa ya zama huɗu. Saboda haka idan kuɗin malamin gida ɗaya kawai kake da shi, kada ka raba shi a kan darussa biyar. Ka tambayi babban malamin ajin wane darasi ne ya fi nauyi a fannin yaron, kuma a cikinsu wanne ne yake rauni. Can za ka zuba kuɗinka.

Game da malaman gida, masu repetisiyon, ra'ayina ba ya yi wa wasu daɗi. Da yawa daga cikinsu aikin gida suke yi wa yaro, maki ya hau a aji, uba ya yi murna, ranar jarrabawar ƙasa kuma asiri ya tonu. Gwajin da nake ba iyaye mai sauƙi ne, ko wanda bai yi boko ba zai iya. Ka leƙa ɗakin lokacin darasi. Alƙalami a hannun wa yake? Idan kullum a hannun malam yake, yaro na kallo yana gyaɗa kai, ka sallame shi a ƙarshen wata cikin mutunci. Sannan kada ka jira taminal, ajin ƙarshe. Furobatuwa, jarrabawar ƙarshen firamiya, ita ce katangar da ke tsayar da yara da yawa a Kamaru, wanda bai haye ta ba ba zai zauna ajin ƙarshe ba balle ya ga bak. Hukuma ɗaya ce ke shirya su biyun, Ofishin Bak na Kamaru, kuma salon tambayoyinta yana da kama daga shekara zuwa shekara. Shi ya sa tsofaffin tambayoyi suka fi kowane littafi amfani a watannin ƙarshe. Ni kaina na fi buga su fiye da komai a shago daga Fabrairu zuwa Mayu.

Abin da na ga ya fi malamin gida aiki, kuma kyauta ne, shi ne ƙungiyar karatu ta yara huɗu ko biyar, da allo ɗaya a zaure ko ƙofar gida. Sharaɗinsa biyu: kada su wuce biyar, kuma a samu babba da ke leƙa su. A nan Garwa zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40, ga ɗauke wuta, ɗaki ba ya zaunuwa da rana. Yaran da na ga sun yi nasara bayan sallar asuba suke karatu mai nauyi, da dare kuma su haɗu su warware tambayoyi. Fitila mai caji da rana ɗaya ta fi sabuwar waya amfani a wannan lokaci. Kuma Hajiya, don Allah, 'yar da ke ajin jarrabawa a rage mata wanke-wanke da aiken kasuwa daga hutun zango na biyu. Ƙannenta su karɓa, wata uku ne kawai.

A daidai wannan lokaci ne masu sayar da "ruwa" ke fitowa, wato tambayoyin da ake cewa sun fita kafin jarrabawa. Za su turo saƙo a WhatsApp, a biya ta Orange Money ko MoMo. Yawancinsu ƙarya ce tsagwaronta, wanda kuma ya zama gaskiya yana iya jawo wa yaro soke sakamako da hana shi zama jarrabawa, har da kotu. Ka gaya wa ɗanka wannan da bakinka tun kafin abokansa su gaya masa nasu.

Yanzu bari in zauna a kan abin da na fi sani, takardu, domin a nan ne na faɗi kuma a nan nake ganin ana faɗuwa kowace shekara.

Yau ɗin nan, ba gobe ba, ka fito da takardar haihuwar yaron da ta CEP, wato shaidar gama firamare, da ta BEPC, ka shimfiɗa su a tabarma, ka sa wanda ya iya karatu ya bi su harafi bayan harafi. Sunayenmu suna shan wahala a rubutun Faransanci. Muhammadu ɗaya za ka gan shi Mohamadou a nan, Mouhamadou a can, Mahamat a wata takardar idan magatakardan ya saba da rubutun Cadi. A'isha ta zama Aïssatou ko Aïcha. A gida duk mutum ɗaya ne, a wurin mai karɓar takardun konkur mutum uku ne. Ka duba ranar haihuwa da wurin haihuwa da sunan uwa. Idan ka ga bambanci, ka nufi shugaban makaranta da ofishin rajistar haihuwa na magajin gari tun yaro yana sigon, domin gyaran wani lokaci sai an bi ta kotu, kotu kuwa ba ta san ana rufe konkur ranar Juma'a ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Wasu iyaye, lokacin da yaro zai zauna CEP ba shi da takardar haihuwa, sai suka ba wani ɗan kuɗi ya "yi musu" ita a kwana biyu. Takardar tana da hatimi, tana da sa hannu, amma ba ta da tushe a kundin ofishin da aka ce ya bayar da ita. Za ta yi tafiya shekara goma lafiya, sai ranar yin katin ɗan ƙasa ko ranar da wata makaranta ta bincika, a ce babu ita. Ka je ofishin da sunansa ke jikin takardar, ka roƙi magatakarda ya duba maka kundi. Idan babu, hanyar gaskiya ita ce hukuncin kotu da ke maye gurbin rajistar da ba a yi a kan lokaci ba. Kada kuma ka yarda a rage wa yaro shekaru da sabuwar takarda don ya shiga iyakar shekarun wata makaranta. Takarda biyu ga mutum ɗaya ciwo ne da ba ya warkewa da wuri.

Magatakardan nan na rajista, da ma'aikacin da ke buga hatimin tabbatar da kwafi a ofishin sufurfe, wato shugaban gunduma, suna cikin masu kai yaro jami'a ko da ba a lissafa su. Ka san su, ka gaishe su, ka je da sassafe. Yawancin konkur suna neman kwafin takardar haihuwa da aka tabbatar wanda bai wuce wata uku ba, da kwafin takardar makin bak da ta furobatuwa, da hotuna 4x4, da takardar likita, da rasit na kuɗin jarrabawa, wasu har da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba. Kowane kwafi da tambur ɗinsa, wato kan sarkin da ake saya a liƙa masa. Saboda sharaɗin wata ukun nan, kada ka tabbatar da kwafi tun Janairu, zai mutu kafin a buƙace shi. Katin ɗan ƙasa kuwa akasin haka ne, a fara nemansa da wuri. Asalin takardu su zauna a gida cikin leda mai kauri a ƙasan akwati, nesa da gara da ɗigon damina, kwafi ne ke yawo. Ka kuma sa a ɗauki hoton kowacce a ajiye a waya biyu.

Sai mutumin da na fi ba muhimmanci bayan konseye: yayan unguwa, wato ɗan unguwarku ko 'yar unguwarku da ke shekara ta biyu ko ta uku a makarantar da ɗanka ke hari. Da tsohuwar zuma ake magani, amma a wannan harka wanda ya shiga bara ya fi wanda ya gama shekara ashirin da suka wuce sanin abin da ake ciki, ko da shi babban darakta ne yanzu. Shi ya san yadda tambayoyin konkur suke, ya san shafin intanet na gaskiya da na 'yan damfara, ya san ranar da layi ke gajarta. Suna dawowa hutu a Yuli da Agusta. Ka aika a kira shi, ka ce, "Ɗana, ga ƙaninka, ka riƙe hannunsa." Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba. Ka sa masa kuɗin kati a waya, kada ka bari ya yi ta kira da nasa.

Shi ne kuma zai fayyace maka bambancin da iyaye da yawa ba su sani ba. Jami'ar gwamnati ƙofa biyu gare ta. Akwai fakalte, irin su shari'a, tattalin arziki, kimiyya, adabi, inda mai bak ke shiga ta hanyar rajista da duba takardu, ya yi shekara uku ya sami lisans, wato digiri na farko. Akwai kuma manyan makarantu na sana'a da ba a shiga sai da konkur, gurbi kaɗan, masu nema dubbai. Mu a arewa yanzu jami'o'in gwamnati uku muke da su. Ta Ngaundere ita ce babbar yaya, tun 1993, tana Dang a wajen gari, da makarantar sarrafa kayan gona da abinci ta ENSAI, da cibiyar koyon fasaha ta IUT, da makarantar likitan dabbobi, da ta ilmin ƙasa da ma'adinai a Meiganga. Ta Marwa an kafa ta a 2008, tana da makarantar horon malamai da politeknik, da ta ma'adinai da man fetur a Kaele. Tamu ta Garwa a 2022 aka kafa ta, kuma fakalten likitanci yana nan cikin gari. Likitanci dai jarrabawa ɗaya ce ta ƙasa baki ɗaya, ba kowace jami'a da tata ba.

Shawarata a kullum: yaro ya zauna konkur biyu ko uku gwargwadon aljihu, amma lalle ya yi rajistar fakalte a lokaci guda. Na ga yara masu ƙwazo sun zuba duk fatansu a likitanci, sakamako ya fito babu sunansu, rajistar fakalte kuma ta rufe, suka zauna shekara guda a gida. Namiji ya shiga acaba "kafin badi", mace kuma masu neman aure suka fara sallama. Kaɗan ne ke komawa. Sanarwar konkur takan fara fita tun kafin sakamakon bak, wasu ma suna karɓar takardun wanda ke jiran sakamako, don haka daga watan Mayu a riƙa tambayar konseye da yayan unguwa duk mako. Kuma kada a ɗauka cewa shiga makarantar horon malamai na nufin aikin gwamnati kai tsaye kamar zamaninmu, a tambayi yadda ake ciki a shekarar.

Bayan bak za ka ga an lilliƙa takardu a bango: darasin shirin konkur, "nasara tabbas". Wasu na kirki ne, ɗaliban manyan makarantun ne da kansu ke koyarwa a hutu. Ka tambayi wa ke koyarwa, a wace makaranta yake, ka nemi ganin ɗalibi ɗaya na bara da ya ci ta hannunsu, ka yi magana da shi. Wanda kuwa ya zo maka da zancen yana da hanya a Yawunde, ka kawo kuɗi a sa sunan yaro a jeri, ka ba shi ruwa ya sha ya tafi. Wani bawan Allah a layinmu ya sayar da fili saboda irin wannan alkawari. Sunan bai fito ba, mai hanyar ma wayarsa ba ta sake shiga ba.

Rajistar farko yanzu a intanet ake yi, kuma a nan irinmu masu shago muke shigowa. Zan faɗa maka gaskiya a kan sana'ata: muna sauri, layi yana da tsawo, muna kuskure. Kada yaro ya miƙa takardu ya tafi shan shayi. Ya tsaya a bayan mai bugawa, ya karanta allon kafin a tura. Lambar waya da adireshin imel su zama nasa, ba na mai shago ba, kalmar sirri kuma ya rubuta ta a littafi. A buga rasit kwafi biyu.

Kuɗin karatu a jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara ga ɗan ƙasa a karatun da aka saba, kuma wannan adadi bai sauya ba tun 1993. Iyaye sukan ji haka su ce alhamdu lillahi, abin da sauƙi. Ba nan nauyin yake ba. Ɗaki ne a minisite, gidajen hayar ɗalibai, wanda masu gida kan nemi kuɗin watanni da yawa a dunƙule, da abinci, da fotokofin darussa, da kuɗin mota, da tambur da hotuna da kuɗin kowace konkur tun kafin a shiga. A gidajen da na ga abin ya tafi daidai, uwa ce ta shiga adashe tun yaro yana ajin firamiya na lise, ta roƙi a ba ta kwasarta a watan Satumba. Wannan dabara ta fi duk wani alkawarin kawu da ke cewa "idan lokaci ya yi a gaya mini".

Idan mace ce za ta tafi, na san abin da ke hana Alhaji barci, kuma ban raina shi ba. Maganinsa a nemi masauki tun kafin sakamako. Ngaundere da Marwa cike suke da 'yan uwanmu, da wuya ka rasa gwaggo ko abokin kasuwanci da zai zama uba a can. Ko kuma a haɗa ta ɗaki da 'yar unguwa da ta riga ta shiga, iyayen biyu su san juna. Ga wanda hankalinsa bai kwanta ba duk da haka, jami'a ta zo Garwa, yarinya za ta iya kwana a ɗakin uwarta ta tafi lacca da safe.

Wanda zai tafi Dang, a saya masa bargo da rigar sanyi. Yaran Garwa suna dariya idan na faɗi haka, sun saba da kwana a tsakar gida. Tafiyar kusan kilomita 280 ce, amma da mota ta gama hawan dutsen nan kafin Ngaundere iska take sauyawa, garin yana kan tudu sama da mita 1,000, damina kuma tana daɗewa. A haɗa masa risho ko ƙaramar tukunyar gas, da garin masara, da kuka da kuɓewa busasshiya da yaji daga hannun Inna. Asalin takardar bak da ta haihuwa ya tafi da su don a gani ranar rajista, in an gama ya ba wani amintacce ya dawo da su gida. A aljihun gaban jakarsa kuma a sa takarda mai lambar waya uku da aka rubuta da biro: ta yayan unguwa, ta mai masauki, da ta konseyen tsohuwar makarantarsa, saboda ranar da waya za ta mutu a tasha.